Ƙafar Surukarka a Ruwan Ɗumi

Abba,

Bayan gaisuwa, yaya karatu, yaya Maryam da goyo? Mu nan unguwar Hor Al Anz lafiya, sai zafin ƙasar Larabawa.

Na ga hotunan yawon da ka kai surukarka a garinku na Japan: gonakin shinkafa hawa-hawa, da ruwan ɗumin nan mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Haba Abba! Kai da surukarka, ƙafafu cikin ruwa ɗaya? Ina kunyar da na koya maka?

Ka ce ruwan yana maganin gwiwa. Ita da take tafiya garau! Ni mai wuni tsaye kan kaya a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, hoto ne rabona.

Ka gaishe ta. Gwiwata kuma, tunda ba ta samu ruwan ba, ka sa ta a addu'a.

Mahaifiyarka.