Ƙashin Kifin Farko

Bakin Kogi, 9 ga Oktoba

Ƙanwata Odelia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Floyd da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan jiki lafiya, rai ne dai a ɓace.

Kin san bara aka rushe madatsar ruwan nan. To, ranar Talata kifin salmon, wanda madatsar ta tare wa hanya, ya hauro daga teku har gangaren gidan Kaka, karo na farko cikin shekara ɗari. Shekara talatin ina ɗaga kwalin zanga-zanga a ƙofar ofisoshi saboda wannan rana! Ba sai na tuna miki ƙa'ida ba: kifin farko baƙo ne. A gasa shi, kowa ya sami loma, a tattara ƙashinsa kaf a mayar ruwa, ya koma ya shaida wa danginsa an karrama shi, su biyo shi.

Kin san wanda ya kama shi? Ɗana Wendell, shi da abokan aikinsa masu binciken kifi. Suka auna shi, suka datse kan suka aika birni, wai akwai ɗan dutse a kunnensa mai nuna inda aka ƙyanƙyashe shi. Gangar jikin kuwa aka jefa firiza da lamba a wutsiya, kamar gawar da ba ta da dangi. Na ce, "Kai Wendell, baƙo ya yi shekara ɗari a hanya, ka tarye shi da wuƙa?" Wai, "Mama, aiki ne fa." Aikin banza! Na ba shi kwana bakwai ya dawo mini da kan nan, in ba haka ba kada ya ƙara taka mini ƙofa.

Yayarki,
Verlene

18 ga Oktoba

Odelia,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso. Wai in sassauta masa. Ke dama tun yana goye lauyarsa ce.

Ya kawo kan, tuƙin awa shida ya yi ya karɓo shi. Jiya gari ya taru, aka gasa, aka ci. Na jera ƙashin a tabarma na miƙa masa, na ce tunda shi ya yi laifin, shi zai ba baƙon haƙuri da yarenmu. Ya shiga ruwa har gwiwa da ƙashin a hannu. Can ya juyo a gaban jama'a ya ce, "Mama, me ake cewa? Ai ba ki taɓa koya mini ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki in faɗa masa, farkon maganar ya zo, sauran babu. Abin da ya dawo mini kawai ɗacin sabulun da suke cusa mana a baki a makarantar kwana in mun yi yarenmu. Na huce haushina a kan yaron a banza, masu laifin na kwance cikin kabari abinsu. 

Ni hukuma ta ɗauke ta kai makarantar nan, ke Kaka ta ɓoye ki, a gabanki take faɗar kalmomin nan. Ƙashin na nan a naɗe, ba zan sallami baƙo da rabin magana ba. Wendell zai zo ɗaukarki ranar Asabar. Kada ki kawo mini zancen gwiwa.

Yayarki,
Verlene