Ƙasusuwan Kyaftin

Pireyas, 14 ga Mayu

Zuwa ga ƙanena Argiris,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Kaliyopi da yara, kuma sanyin Melbon bai fara taɓa maka ciwon bayan nan naka ba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan muna lafiya. Mama tana ci tana sha, tana faɗa da masu karanta labarai a rediyo kamar kullum. Gwiwoyinta ne dai suka ƙi.

An sake ɗage ginin. Ranar Litinin kwamitin kula da kayan tarihi ya zauna, ya ce ba za a zuba siminti ko cokali ɗaya a filinmu ba sai ya sake zama ranar ashirin ga Yuni. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa, kuma na lura labarin da ke yawo a Melbon ya bambanta da wanda ke cikin ramin. Saboda haka ka zauna ka karanta, daga farko.

Ka san sharaɗin da muka yi da Tanasis magini: mu ba shi filin, ya rushe tsohon gida, ya tayar da bene, ya ba Mama ɗakunan ƙasa masu ƙofa a kan titi. Ya ce zai gama cikin wata goma sha huɗu. A kan haka na ɗauko ta zuwa wurina, hawa na huɗu, matakala sittin da huɗu, babu na'urar hawa. A kwana na uku da fara tono motar haƙa ta ci karo da dutse sassaƙaƙƙe, aka tsayar da aiki, masu tonon tarihi suka zo da burushi da 'yan cokulansu. Abin da suka samu gaskiya ne, ba na musu. Akwai titi shimfiɗaɗɗe da tsakuwa, miƙaƙƙe sak ya nufi tashar jiragen ruwa, da magudanar ruwa a gefensa, da bangayen gidaje biyu, da rijiya, da fasassun tulunan mai. Sun ce sun haura shekara dubu biyu da ɗari uku. Amma a garin nan wa ya taɓa haƙa ramin dashen lemo bai tono kakan wani ba? Irin wannan yawanci aunawa ake yi, a zana, a ɗauki hoto, a rufe da yashi, a ɗora gini a kan ginshiƙai. Haka ma aka kusa yi mana.

Sai a watan Fabrairu suka isa kusurwar gabas. Can ƙasa, jingine da tsohon bango, suka tarar da kan zakara da ƙafafunsa biyu, an jera 'yan kasake biyar kewaye da su. Shugabar masu tonon, Dakta Danayi, mace mai hankali da ladabi, ta kusa yin kuka don murna. Ta rubuta a rahotonta cewa hadaya ce ta aza harsashi, wadda mutanen dā suka binne, kuma ba hannun da ya taɓa ta tun ranar. A kan wannan jimla guda kwamitin yake tunanin a bar rabin filin a buɗe a sa masa gilashi. Rabin da ake magana kuwa shi ne daidai inda ɗakin Mama zai zauna. Tanasis ya ce in haka ta faru ƙasan benen ya tafi, sai dai a ba ta hawa na biyu, in ma an yi ginin.

Na kawo hoton ƙasusuwan gida na nuna wa Mama don ta ga abin da ya hana ta komawa. Ta sa tabarau, ta duba sau ɗaya, ta ce, "To, ai Kyaftin ne." Na ce wane Kyaftin? Ta ce zakaran Baba mana, jan nan mai karkatacciyar ƙafa, wanda ya hana unguwa barci har maƙwabta suka yi ta roƙo a yanka shi. Ranar da aka aza harsashin gidanmu, tana ɗauke da cikina, limamin coci ya yi addu'a ya yayyafa ruwa, Baba ya yanka Kyaftin a kan dutsen kusurwa kamar yadda kowa ke yi, aka binne kai da ƙafafu, sauran kuma ta dafa shi da taliya. Ta ce naman ya fi takalmi tauri. Kasaken kuwa na dā ne da gaske. Baba ne ya tono su da hannunsa yana haƙa ramin, ya tsorata kada hukuma ta ji a hana shi gini, sai ya jera su kusa da zakaran ya mayar da ƙasa, ya gargaɗe ta kada ta faɗa wa kowa. Shekara sittin da huɗu ta riƙe wannan magana, ita da ba ta iya riƙe sirrin abincin rana.

Ta ce sai an kai ta filin. Argiris, wata bakwai rabon Mama da taka ƙasa. Sotiris mijina da mai gidan burodin ƙasanmu suka ɗauko ta a kan kujerar kicin, tana zaginsu a kowane hawa, wai sun riƙe ta kamar buhun dankali. Da muka isa bakin ramin ta leƙa ta kira Dakta Danayi, ta ce, "'Yar nan, zo. Shekara nawa kika ba zakarana?" Dakta ta faɗa mata cikin girmamawa. Mama ta ce, "Dubu biyu! Shi ya sa ya ƙi dahuwa." Ma'aikata suka fashe da dariya, Tanasis har da zama a kan bulo. Sannan ta nuna titin da sandarta ta ce ita ba ta da faɗa da mutanen da suka zauna a nan kafin ita, da alama masu tsabta ne tunda sun yi magudana, amma sun gama zamansu, ita kuwa ba ta gama nata ba. Daga nan ta juya tana kallon inda itacen ɓaurenta yake a dā. Ban so na ga fuskarta a lokacin ba.

Dakta Danayi ba ta yi fushi ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce ta yarda tsohuwa ba ƙarya take yi ba, amma kwamiti ba ya soke rahoto a kan abin da mutum ya tuna. An aika ƙasusuwan ɗakin gwaji, sai dai sakamakon shekarunsu zai iya kai watan Satumba, bayan an riga an yanke hukunci. Ta ce in akwai wata shaida daga ranar, ko takarda ko hoto, ita da kanta za ta kai musu, ta gyara abin da ta rubuta. Na yi shekara talatin ina gyaran labarai a jarida, ban ga mutum biyar da suka taɓa faɗin haka ba.

Akwai hoto, kuma ka san inda yake. Yana cikin koren albam ɗin da ka sa a akwatinka ranar da za ka tafi, ka ce aro ne. Baba na tsaye a cikin rami riƙe da zakaran, limami a gefensa, Mama da cikinta a baya. Mama ta ce in ka duba bakin ramin ta hannun dama za ka ga kasaken a jere a kan dutse, domin mai hoton ya zo kafin Baba ya ɓoye su. Sau uku ina tambayarka a waya. Na farko ka ce za ka duba. Na biyu ka ce yana cikin gareji. Na uku ka shafe rabin awa kana gaya mini cewa mu jikokin wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ne na zamanin dā, cewa ka yi jawabi a kai a ƙungiyarku ta 'yan gida, har an tafa maka, kuma abin kunya ne a binne tarihi saboda ɗaki biyu da kicin. Haba, Argiris! Kakanmu da kwale-kwalen gudun hijira ya iso garin nan, da bargo ɗaya. Kyaftin ɗaya ne tak a zuriyarmu, kuma mun cinye shi da taliya.

Na san abin da ke ranka, kuma ba raina shi nake yi ba. Mutumin da ya yi shekara kusan arba'in a nesa yana son ya ji cewa inda ya fito wuri ne mai daraja. Titin nan ba inda za shi. Za a rufe shi da yashi mai laushi, ya ci gaba da kwanciya a ƙarƙashin gadon Mama kamar yadda ya kwanta a ƙarƙashin naka kana yaro. Amma Mama shekararta tamanin da bakwai. Kullum da safe sai ta sa in ja mata kujera bakin taga, ta leƙa ƙasa tana ƙirga waɗanda ta sani a cikin masu wucewa, ba mai jin kiranta daga hawa na huɗu. Abin da take so kawai shi ne ta buɗe ƙofa ta zauna a bakin titinta, a gaishe ta ta amsa.

Don haka ka shiga garejin nan yau. Ka sa 'yarka Eleni ta ɗauki hoton da waya ta turo mini, gaba da baya, domin akwai kwanan wata da hatimin mai hoto a bayan. Asalin kuma ka aiko ta hanya mafi sauri, ya iso kafin goma ga Yuni. Jawabinka kana iya gyara shi, za su fi jin daɗin na zakaran.

Ka gaishe mini da Kaliyopi da kyau, da Eleni da mijinta, da Lefteris mai sunan Baba. Sotiris yana gaishe ka. Mama ta ce in gaya maka tana sa maka albarka, kuma albam ɗin nata ne.

Yayarka,
Fotini

Na riga na rufe takardar nan sai Dakta Danayi ta bugo waya, shi ne na sake buɗewa. Wanda ke duba ƙasusuwan ya gaya mata da baki cewa ƙafar hagun zakaran ta taɓa karyewa, ta haɗe a karkace. Bai sa hannu a kan komai ba tukuna.