Ƙorafi a Kan Allon Marigayi Saje Ezekiel

Daga: Abdulrashid Mubarak, Kafinta,
Unguwar Rikoto, Zuru, Jihar Kebbi.

Talata, 18 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu,
Cibiyar Kafintocin Haɗin Kai, Zuru.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƁATA MINI AIKI A KAN INJIN SASSAƘA NA CIBIYA, DA ƊORA MINI LAIFIN DA BA NAWA BA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon izinin gabatar da kukana a kan Malam Yazid, manajan wannan cibiya. Shekara goma sha tara ina sana'ar katako ban taɓa kai ƙarar kowa ba, kuma ban so na fara a kansa ba.

1. A watan Janairu Mama Monica, matar marigayi Saje Ezekiel, ta kawo mini falankin maɗaci guda ɗaya. Daga itacen da mijinta ya dasa ne a shekarar da ya shiga soja, wanda iska ta kayar bara, wata biyu bayan rasuwarsa. Gara ta ci sauran, wannan kaɗai ya tsira. Ta nemi na yi masa allon tunawa mai sunansa, za a buɗe shi a cocinsu ranar Lahadi, 9 ga Maris, cikarsa shekara guda.

2. Yallaɓai ya san injin sassaƙarmu mai bin umarnin kwamfuta, amma zan bayyana yadda aikin launi yake, domin a nan maganar take. Injin yana haƙa zane a jikin katako, sai a cika ramin da efoksi, wani ruwa mai danƙo da ake gaurayawa da launi, wanda yake daskarewa kamar gilashi cikin kwana biyu. Launi ɗaya ake zubawa. Sai ya bushe a haƙa na gaba a gefensa. Tun daga farko har ƙarshe ba a motsa katakon daga gadon injin, domin injin ba shi da ido: inda aka nuna masa mafari, daga nan yake auna komai. Wannan doka a rubuce take a bangon ɗakin injin, kuma da hannun Malam Yazid aka manna ta.

3. Ranar Litinin, 3 ga Fabrairu, na ɗaure falankin da sukuru shida, na zuba baƙi a sunan marigayin. Ranar Laraba na zuba kore a ganyen maɗacin da ya kewaye sunan. Ranar Juma'a, 7 ga wata, da sha biyun rana, na zuba ja a igiyoyinsa uku na saje. Na rufe shi da kwali, na rubuta “A BAR SHI” da manyan baƙaƙe, na tafi masallaci.

4. Ina fita wasu baƙi suka zo ganin cibiya. Malam Yazid ya so ya nuna musu injin yana aiki. Ya kwance sukuruna, ya ɗaga falankin da jan efoksin yana ɗanye, ya jingina shi da bango, ya sassaƙa wa baƙin “Barka da Zuwa” a kan guntun filawud. An tafa masa, an ɗauki hoto. Jan kuwa ya gangaro ya bi ta kan sunan, kamar an yanka kaza a kai.

5. Da ya tsaya a nan da ban rubuto ba, domin sanfefa, takardar goge katako, za ta iya cire wannan. Amma da baƙin suka tafi, sai ya mayar da falankin kan gadon injin da ƙiyasin ido, ya sake ɗaure shi da sukurun, ya kunna injin don ya share jan kafin na dawo. Mafari ya riga ya ɓata. Bakin injin ya keta sunan daga harafin farko zuwa na biyar, ya ci karo da sukuru, ya karye. Mista Haggai, mai gadin cibiya, yana wurin, kuma ya ce a shirye yake ya faɗi abin da ya gani.

6. Ranar 10 ga wata aka ba ni takarda cewa ni na karya bakin injin saboda sakaci, an kuma dakatar da ni daga shiga ɗakin na wata uku. Ni da nake sahu ina salla lokacin da abin ya faru! Gaskiyar masu magana, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan takarda ta ƙona mini rai fiye da yadda ladabin wasiƙa zai bar ni na faɗa.

7. Falankin bai mutu ba tukuna. In na fere milimita shida daga fuskarsa, zan iya sake aikin daga farko. Kaurinsa zai ɗauki wannan sau ɗaya tak, ba zai ɗauki na biyu ba. Ina buƙatar kwana goma a kan injin, kuma babu wani irinsa da zan iya kaiwa gare shi kafin ranar taron. Kwana goma sha tara suka rage, kuma kowace safiya ina ganin ɗakin a kulle, babu mai aiki a ciki.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

(a) A janye dakatarwar, a ba ni injin daga Litinin, 24 ga Fabrairu, tare da mabuɗin ɗakin a aljihuna har na gama.

(b) A saurari Mista Haggai, a cire waccan takarda daga fayil ɗina.

(c) A umarci Malam Yazid ya tsaya da kansa a gaban Mama Monica ya faɗa mata abin da ya yi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Dalilin roƙona na ƙarshe shi ne wannan. Mama Monica ba ta yi boko ba, amma ta san kamannin sunan mijinta, domin shekara ashirin da shida tana goge shi a ƙirjin kakinsa. Ranar da na zuba baƙin launin ta zo, ta tsaya ta ƙirga haruffan bakwai ɗaya bayan ɗaya, ta ce sun cika. Duk Litinin tana hawo mashin ta zo tambaya. Sau biyu ke nan, 10 da 17 ga wata, ina tare ta a bakin ƙofa ina ce mata launin bai bushe ba. Ta yarda, har tana sa mini albarka saboda ba na gaggawa. Ranka ya daɗe, da furfurata na yi wa matar da ke cikin juyayi ƙarya don na rufa wa cibiya asiri. Litinin mai zuwa za ta dawo, kuma ba zan yi ta uku ba.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya ba shi ikon yin adalci.

Naka mai biyayya,

Abdulrashid Mubarak
Kafinta, Rikoto.