Inna, Sun Zo Auna Nasiru

Zuwa ga mahaifiyata Inna Asabe, da ke kwance a maƙabartar Potiskum. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗa da mahaifi, 'yarki Rabi ce, daga nan Bronx, a birnin New York na Amurka. Kin san ban iya rubutu ba. A waya nake magana, Hajara maƙwabciyata 'yar Kumasi ita za ta rubuta, ta saka inda mutane ke karantawa. Na tambayi Nasiru, ya ce in saka.

Inna, maganar a kansa ce. Autanki da Kawu ya kawo ƙasar nan yana ɗan mitsitsi, yanzu ya gama jami'a, kuma ƙwallo ce sana'arsa. Ba irin tamu ba. Tasu kamar gwanda take, da hannu ake jifanta, kowa da hular kwano a ka. Aikinsa sunansa konabak. Na ce masa mene ne kuma haka? Ya ce, "Yaya, kin ga wanda ake jefa wa ƙwallon? Ni ne mai manne masa in hana shi cafewa." Kuma da baya yake fara gudu, Inna. Ke da kike ranƙwashinmu in mun yi tafiya da baya, kina cewa ba kyau, to ga shi nan a kanta ake tafa masa.

Duk shekara manyan ƙungiyoyi suna zaɓen sababbin yara bi da bi, shi ne diraf. Wata ƙungiya ta garin nan tana neman konabak, an ce mutum uku take dubawa. Na kalle su duka a wayar maigidana Baban Ummi, wanda ya bi ya haddace su tun yana zaman jiran fasinja cikin tasinsa a filin jirgin sama na JFK.

Na farko dogo ne, hannu har gwiwa, amma in an wuce shi sai ya cafko rigar mutum, alƙali ya yi ta jefo masa wani ƙyalle ruwan ɗorawa, alamar ya yi laifi. Na biyu gudu kamar me, sai dai in ƙato ya nufo shi, na lura kauda kafaɗa yake yi. Ni dai ban ga laifinsa ba, da alama uwarsa ta yi masa faɗa. Sai namu. Bai kai wancan tsawo ba, bai kai wannan gudu ba, amma kafin mutum ya juya shi ya riga ya juya. Na ce masa ko duba kake yi? Ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo, "Ido yana ƙarya, Yaya. Ƙugu nake kallo."

Da za ki ga yadda suke auna su. Daga su sai gajeren wando, a miƙe hannu a gwada, a buɗe tafi a gwada, a ce yi tsalle, a ce yi gudu. Wai tsawon gaɓar yatsa ɗaya a hannu yana iya sa a ɗauki wani a bar wani. Allah ya yafe mini, ragunan da kike kiwatawa don Sallah na tuna, yadda masu saye ke buɗe musu baki suna danna gadon baya.

Ashe ba jiki kaɗai ake aunawa ba. Bincike suke yi kamar na aure. Sun je wajen malamansa, sun je wajen Kawu, sai ga su a ɗakina a unguwar Morris Heights, da namiji da mace, Hajara tana yi mana tafinta. Na ba su shinkafa da miya, yaji ya sa namijin hawaye amma ya cinye. Yana shaye-shaye? A'a. Su wa ne abokansa? Na faɗa. In an ci su, ya yake yi? Na ce wanke-wanke yake kama mini har da tukunyar da ba ta yi datti ba. Suka yi dariya.

Sai macen ta ajiye cokali, ta ce tun karon da ya yi da wani a wasan bara, kansa yana damunsa?

Inna, ba zan iya cewa a'a ba. Don na sani. Na ga ranar da ya sauke labule da tsakar rana ya ce haske yana sokarsa. Na ga ranar da 'yata Ummi, takwararki, ta tsala kuka, ya dafe kai da hannu biyu ya fita baranda, shi da yake goya ta a wuya. Bai gaya wa kowa ba. Ni ya ce wa, "Kar ki faɗa, zai wuce."

Na ce musu wai miya tana ƙonewa. Na shiga kicin na tsaya, alhali risho a kashe yake. Da na fito sun gane, ba su sake tambaya ba, sai suka bar mini lambar waya.

A kicin ɗin ke na tuna. Shekarar da babban ragonki ya yi ɗingishi ya warke, mai saye ya zo har ya kama igiya, kika tsayar da shi kika gaya masa. Na ji haushinki ranar. Kika ce, "Na faɗi abin da ke jikinsa, saye kuma ya rage nasa." Amma wancan rago ne, Inna. Wannan ƙanena ne, tun yana yaro yake gudu da baya don ranar nan.

Ban kira su ba. Shi na kira ya zo gida. Na ce, Nasiru, ba zan tona ka ba, amma in sun sake tambaya ba zan yi ƙarya ba. Ya yi ta zuba Turanci, ban ji ko rabi ba, fushin dai na ji. Na ce masa ni ban san konabak ba, kai ɗaya na san kana da shi, kuma Ummi tana buƙatar kawun da zai gane ta in ta girma. Ya buga ƙofa ya fita. Baban Ummi ma bai ji daɗi ba, ya ce na shiga abin da ban sani ba. Gaskiyarsa, ban sani ba.

Ya daina zuwa cin abinci. Ni kuma in jirgin ƙasa ya wuce ta saman layinmu, sai in ji kamar ƙafarsa ce a bene.

Jiya da la'asar ya zo. Bai gaishe ni ba, ya buɗe tukunya ya zuba da kansa. Sai da ya yi rabi ya ce ya gaya wa likitan ƙungiyar da bakinsa, an saka kansa a na'ura, za a ƙara dubawa. Ya ce wataƙila yanzu dogon nan mai jan rigar mutane za su ɗauka. Na ce ka yi haƙuri. Ya ce, "Miyar ba gishiri," ya ƙara cokali biyu.

Gobe za a fara zaɓen. Ban san me zan roƙa ba, a kira shi ko kar a kira shi, shi ya sa na zo wajenki. In sun ɗauke shi, sun san abin da suka ɗauka. In sun bar shi, yana nan kan kujerata, Ummi tana ja masa kunne, yau bai dafe kai ba.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yalwata makwancinki, ya kai haske kabarinki. Allah ya zaɓa wa Nasiru abin da zai bar masa kansa lafiya, ko da ba shi yake so ba.

Ni ce 'yarki mai tsoro, wadda ta faɗi abin da ke jikinsa,
Rabi