Baƙuwa Tana Hira da Surukina, Ni Bakina a Rufe

Anti Rimma, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Ƙawayena dariya kawai za su yi mini.

Ina aure a wani ƙauye a kwarin Digor. Gidan su Irbek, mijina, gidan tsohuwar al'ada ne, shekara ta uku ke nan ban taɓa buɗe baki a gaban babansa ba, tunda bai yi mini izini ba. Ni ke gasa wa Dada, haka muke kiran tsohon, gurasar cuku, ni ke cire masa takalma da yamma, duk da nuni muke yi. Kuma ban damu ba fa, Dada mutumin kirki ne.

Sai ga wata Zaira, ɗalibar jami'a daga birni, wai tana bincike kan Sikitiyawa, kakannin nan namu mahaya dawaki. Ta ce ba su bar rubutu ba, sai 'yan sunaye da Girkawa suka rubuta da kaburbura cike da ƙasusuwan doki, don haka ragowar yarensu da addininsu sai a bakin tsofaffi. A kwarinmu kuwa Dada kaɗai ya haddace doguwar addu'ar da ake yi in za a miƙa wa mamaci dokinsa ranar jana'iza, don ya hau zuwa lahira.

Duk Asabar sai ta zo da 'yar na'urarta ta ɗaukar murya, kai ba ɗankwali, ta zauna a teburin da ni ban taɓa zama ba. Ta ce masa ya maimaita, wai giɓinsa ya cinye rabin kalmar. Shi kuma dariya har da tari, yana ce mata ja'irar birni. Ni ina bakin ƙofa riƙe da tire. Har sarƙa mai tsarki da ke rataye a kan murhun gidan ya kai ta ta gani, sarƙar da aka zagaya da ni kewayenta ranar aurena. Ta sa bidiyonsa a Insta ta rubuta "Dadana". Nata, Anti. Na kalli bidiyon nan har datata ta ƙare.

To, sai na tura mata saƙo na ce Dada ba lafiya, likita ya hana shi yawan magana, kada ta zo sai mun neme ta. Yarinyar har da turo mini fuskar kuka da addu'a.

Yanzu duk Asabar sai ya yi aski, ya sa hularsa ta fatar rago, ya zauna a benci bakin ƙofar gida har rana ta faɗa bayan dutse. Jiya na ji yana ce wa Irbek ƙila surutunsa ne ya gundure ta, ga shi addu'ar dokin rabi suka ɗauka. Ina son in gyara, amma in ta dawo ban san ko zan iya jurewa ba. Ya zan yi?

Mai tsayuwa bakin ƙofa, Digor

Amsa

'Yata, kishinki ba hauka ba ne. Wadda ta yi wa mutum hidima shekaru ba ta ji ya tsokane ta ko sau ɗaya ba, dole ta ji zafi in wata ta samu a wuni guda.

Sai dai Zaira ba ta ƙwace miki komai ba. Tana magana da shi ne don baƙuwa ce, in ta gama aikinta za ta tafi. Wanda ƙaryarki ta cuta shi ne tsohon da ke zaune yana zargin kansa, da rabin addu'ar da babu wanda zai ƙarasa in ya rasu.

Ki rubuta mata yau. Ki ce lafiyarsa ƙalau, ke kika yi ba daidai ba, yana jiranta. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Irbek ma ki gaya masa da kanki kafin ya ji a bakinta. Zai yi faɗa, ki jure.

Sannan ki nemi abin da kike so a fili. Al'adar da ta rufe miki baki tana da hanyar buɗe shi: suruki ya tara dangi, ya yanka rago, ya yi addu'a a kan gurasa uku, ya ce amarya ta yi magana. Ki je wurin babbar gwaggon mijinki ta kai masa zancen. Na sha ganin tsofaffin da suka ɗauka amaryar ce ke son shirun, suna jin nauyin tambaya. Ba zan rantse miki zai yarda nan take ba, amma bai san kina so ba tukuna.

Saƙon Zaira dai kada ya jira rago. Tsoho ba shi da Asabar da yawa a gaba. Allah ya ja kwanansa har ya ji muryarki.

Anti Rimma