Itacen Ntate Mai Jan Fure

Ha Mokhele, 5 ga Yuli, 1993

Zuwa ga Yayana Motlatsi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma ƙurar ramin zinaren Welkom ba ta gama cinye maka huhu ba.

An sallamo Ntate, mahaifinmu, daga asibiti ranar Talata. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, amma idon nan yana nan yadda ka san shi, wanda in ya kalle ka sai ka tuna laifinka na shekara ashirin. Na ɗauki hutu daga koyarwa a Maseru don in yi jinyarsa.

Abin da ya sa na ɗauki biro, maganar shanu ce. Da muka zo Kirsimeti ya ce mana suna kan tsauni wurin kiwon damina, muka yarda. To yanzu sanyi ya kankama, dusar ƙanƙara ta rufe tsaunuka, kowa ya sauko da dabbobinsa, na leƙa garkenmu na tarar da tara. Tara, Yaya! Mutumin da aka san shi da shanu kusan talatin. Tsohon makiyayinsa ya rasu bara, sabon kuwa ya rantse tara ya tarar.

Na durƙusa gaban Ntate na ce, “Ina shanunka?” Sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna taga, wajen gonar perekisi, itatuwan marmarin nan namu masu ’ya’ya da ƙwallo a ciki. Na ɗauka kwaɗayi ya taso masa, na ɗebo masa busasshen perekisi a kwano. Ya sa hannu ya ture kwanon har ƙasa. Na sake tambaya, ya sake nuna itatuwan, waɗanda ko ganye ɗaya babu a kansu a wannan sanyi. Har zagaya gonar na yi kamar wata sakarai, ko zan ga saniya ta ɓuya a bayan reshe.

Ban san ko kansa ne ya taɓu ba, ko nawa. Ka gaya mini abin yi.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarki, au, ƙanwarka. Ka ga irin ruɗewar.
Likeleli


Welkom, 16 ga Yuli, 1993

Zuwa ga Likeleli,

Na samu takardarki. Ina gaida Ntate, Allah ya ƙara sauƙi.

Babu wani abin ruɗewa. Sata ce. Sun ga tsoho ya raunana, ’ya’yansa na nesa, suka riƙa zarewa ɗaya ɗaya. Rabin shanun nan da gumina aka saye su, ina ƙarƙashin ƙasa ina fasa dutse.

Na rubuta wa ’yan sandan da ke bin sawun ɓarayin dabbobi. Na ba su alamarmu, tsaga biyu a kunnen hagu. Za su bi garke garke. Duk gidan da aka samu saniya mai wannan kunne, a ƙwace ta, a gurfanar da mai gidan.

Batun nuna itatuwa kuma, ki daina wahalar da kanki. Mutumin da ya yi shekara arba’in yana hira da perekisi fiye da yadda yake hira da mu, in kansa ya juye ai can zai nuna. Ki ba shi maganinsa kan lokaci.

Ki gaida mutan gida.
Yayanki,
Motlatsi


Ha Mokhele, 4 ga Agusta, 1993

Yaya Motlatsi,

Ina gaisuwa, kodayake yau gaisuwar tawa ba ta da daɗi.

’Yan sandanka sun zo, sun kuma yi aiki. Sun samu shanu biyar a gidaje biyar, an kora su garken sarkin gari, an sa ranar shari’a goma ga Satumba. Sauran ƙauyuka da tsallaken kogi sai sun samu mota.

Ka san su wane ne ɓarayin? Ta farko Mma Mathabo ce, gwauruwar nan da ta goya ka lokacin da mahaifiyarmu ke kwance. Matar da ko kaza ba ta iya kamawa saboda gwiwa. Na tarar da ita ta naɗe cikin bargo a ƙofar ɗaki, ta ce mini, “’Yar nan, ni da saniya ta fi ni gudu, ta yaya zan sace ta? Ubanki ne ya jawo ta da hannunsa, ya ce in riƙe masa, in sha nono, in yi huɗa, ’ya’yan da ta haifa nasa ne. Ya ce kada in yi ta yayatawa.”

Sauran huɗun ma bakinsu ɗaya. Ɗan sanda ya ce ina takarda, babu. Ina shaida, babu. Mai saniyar kuma ga shi kwance ba baki.

Na san ajiyar saniya a gidan mabuƙaci al’adarmu ce tun kakanni. Amma Ntate? Mutumin da limamin coci ya roƙe shi reshe ɗaya na itacen nan mai jan fure, wanda ya raɗa wa sunan mahaifiyarmu, ya ce masa ya je ya yi addu’a Allah ya ba shi nasa? Mutumin da ya sa muka yi shekara uku da takalmi ɗaya? Shi ne zai raba shanu ashirin a ɓoye? Hankalina ya ƙi ɗauka. Amma kuma ya ƙi ɗaukar cewa Mma Mathabo ɓarauniya ce.

Da na faɗa wa Ntate an ƙwato masa biyar, na zaci zai yi murna. Yaya, kuka ya yi. Ya riƙa dukan katifa da hannun hagu yana nuna tagar nan, har na rufe labule don ya huta. Tun ranar ya ƙi cin tuwo daga hannuna.

A shago yanzu in na shiga sai a yi tsit. Don Allah ka janye ƙarar nan har mu gane kan zancen.

Ka huta lafiya.
Likeleli


Welkom, 15 ga Agusta, 1993

Likeleli,

Gaisuwa. Ba zan janye ba. Ɓarayi sun haɗa baki, ke kuma zuciyarki ta malaman makaranta ta narke. Ntate da na sani bai taɓa ba wa kowa ko ƙwallon perekisi kyauta ba.

Kada ki ƙara rubuto mini sunan kowa. Ba na son sani. Wanda aka kama da kunnen saniyarmu ya yi wa alƙali bayani.

Yayanki,
Motlatsi


Ha Mokhele, 1 ga Satumba, 1993

Yayana,

Ina gaishe ka. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta, kuma kada ka tsallake layi yadda ka saba.

Ranar Lahadi rana ta yi ɗumi, perekisi ya yi fure a kwarin nan gaba ɗaya. Na ɗora Ntate a kujera na jawo shi ƙofar gida. Rabona da ganin garinmu a irin wannan lokaci shekara goma sha ɗaya, kai ma haka, mu da sai Kirsimeti muke leƙowa. Ko’ina furen nan ne fari-fari mai ɗan ja, irin na kowa. Sai Ntate ya damƙe mini hannu, ya nuna itacen mahaifiyarmu, ja wur a tsakiyar gona. Daga nan ya kai yatsa can gangare, ƙofar Mma Mathabo. Ja wur. Ya matsa gaba, wani gidan. Ja wur. Ashe duk watannin nan ba gonar kaɗai yake nunawa ba, har da abin da ke bayanta.

Ka fi ni sanin itacen nan. In ka shuka ƙwallonsa ba ya fitar da irinsa, sai an yanki reshe an yi masa aure da wani, kuma duk kwarin nan hannun Ntate kaɗai ke taɓa shi. Na ruga gidan Mma Mathabo na tambaye ta. Ta ce, “Wannan? Ranar da ya kawo saniyar ya dasa shi, ko izini bai nema ba. Na ce me zan yi da shi, ya ce ba naki ba ne, nawa ne, don kada in manta hanya.” Ita ba ta taɓa kawowa a ranta cewa shi ne takardar ba.

Na ari doki na bi jan fure kwana biyu. Gida goma sha bakwai, kuma kowanne akwai saniya mai tsaga biyu a kunne, ko gurbin wadda aka ƙwace. Na kai wa sarkin gari labari, ya hau tudu da kansa ya duba, ya cire hula. Amma ya ce ƙarar ba tasa ba ce, sai wanda ya shigar ya janye.

Har yanzu ban gane Ntate ba. Ya hana mu takalmi, ya ba gari nono. Ina jin haushinsa, ina kuma jin kunyarsa, ban san wanne ya fi yawa ba.

Saura gida ɗaya. Ka ce kada in rubuto suna, to yau zan saɓa maka. Itacen da ya fi duka girma yana tsallaken kogi, ya kai shekara tara, a ƙofar Mpolokeng. Matarka, Yaya, wadda ka tafi Welkom ka bari da goyo, ka daina ko aiko da gaisuwa, har ta koma gidansu. ’Yan sanda sun riga ni isa da kwana ɗaya. Sun tafi da saniyar, sun rubuta sunan Mpolokeng cikin masu zuwa gaban alƙali.

’Yarka Refiloe na tarar zaune a gindin itacen, da igiyar saniyar a hannu. Goshinka ne sak. Ta ce mini, “Kakana yana zuwa duk wata a kan doki. Ya ce nonon nawa ne har in gama makaranta. Ya ce babana ne ya sayi saniyar, aiki ne ya hana shi zuwa. To wane ne ya ce mun sace ta?”

Na ce mata ban sani ba. Ƙaryar da na yi ke nan a madadinka, kuma ba zan ƙara ba. Shari’a saura kwana tara.

Ka huta lafiya, in ka iya.
Ƙanwarka,
Likeleli


Welkom, 6 ga Satumba, 1993

Ƙanwata,

Ina gaida ke. Ina gaida Ntate, ki buɗe masa labulen.

Ga takardar janye ƙara a ciki, na ba direban motar Maseru don ta riga gidan waya isa. A mayar da kowace saniya inda aka ɗauko ta. Ta tsallaken kogi kaɗai a bar ta a garken sarki.

Zan iso ranar Asabar. Ni zan ja ta in kai, ni kuma zan amsa tambayar.

Yayanki,
Motlatsi