Inna Ba Ta Kiran Sunana

Asabar, 8 ga Mayu, 1999

Yau Inna ta fito da sabon abu a shagon ɗinkinmu. Bayan azahar ta ce a tsai da kekuna, a shimfiɗa tabarma. Wai ta ji a rediyo soja za su sauka ƙarshen wata, kowa zai samu bakin magana, to ita ma ta gaji da mulkin soja a shagonta. Daga yau duk Asabar za a zauna, kowa ta faɗi abin da ke damunta a aiki. Zuwaira, wadda ta fi mu daɗewa, ta ce, "Hajiya, ashe kin san ke soja ce?" Aka yi ta dariya.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da suna. Zuwaira. Ma'u. Lami. Da ta zo kaina sai ta gyara mayafi ta ce, "To, a tashi."

Na san dalili. Ni ce ɗiyar fari, ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini magana gaban mutane. Tun da na gama firamare na baro gidan Kaka na dawo wurinta, "ke" nake, ko "yarinyar nan". Ban taɓa damuwa ba sai yau.

Laraba, 12 ga Mayu

Guga tun safe. Gawayin jiƙaƙƙe ne, hayaƙi duk ya cika mini ido. Da an tambaye ni da na faɗa.

Asabar, 15 ga Mayu

Lami ɗiyar Malam Bulus ce, wanda ke aiki a sakatariya. Watanta huɗu kacal a shago, amma bakinta kamar an kunna rediyo. Yau a zama ta ce teburin yanka yana cikin duhu, a matsar da shi bakin taga. Inna ta ce, "Kun ji magana! Allah ya yi miki albarka, Lami ɗiyata." Nan take aka ja tebur.

Ni na faɗa wa Lami wannan maganar ranar Litinin muna cin gyaɗa. Ni.

Ɗiyata. Hmm.

Talata, 18 ga Mayu

Babban aiki ya shigo. Ƙungiyar matan unguwar Kambarawa za su yi anko ranar rantsar da sabuwar gwamnati, riguna talatin. Atamfa shuɗiya mai tsuntsaye, daga Babbar Kasuwa. Inna ta miƙa wa Lami almakashinta na kanta, mai baƙin hannu, wanda ko taɓawa ban taɓa yi ba.

Laraba, 19 ga Mayu

Rigunan farko sun iso wurin guga. A bayan rigar tsuntsayen kansu yana ƙasa, ƙafafu sama. Gaban daidai yake. Lami ta juya ƙyallen wajen yanka don ya ishe ta, ba ta lura ba. Masu keke kuma ta ciki suke ɗinki. Sai mai guga ce ke shimfiɗa riga ta ga fuskarta.

Na ninke su, gaba a sama.

Asabar, 22 ga Mayu

Zama. Inna ta ce, "Akwai wadda ta ga matsala a aikin ankon nan?" Zuwaira babu. Ma'u babu. Lami ta ce lafiya lau, har da tafa hannu. Na ce a raina, in ta ko dubi inda nake zan faɗa.

Ba ta duba ba. Riga goma sha ɗaya yanzu.

Litinin, 24 ga Mayu

Shugabar matan ta zo gwaji. Ta sa riga ta juya, wadda ta rako ta ta fashe da dariya: "Hajiya, tsuntsayenki sun faɗo!" Ita shugabar ba ta yi dariya ba. Ta ce in ba a gyara ba kafin Juma'a, za ta kwashe aikinta, kuma duk Kambarawa sai sun ji.

Da suka tafi Inna ba ta yi faɗa ba. Hannu kawai ta miƙa, Lami ta ajiye mata almakashi. Ta ce gobe za ta aika wa Malam Bulus ya nema wa ɗiyarsa wani wurin. Lami ta shiga bayan ƙyaure tana kuka.

Abin da nake so ke nan, ko? Tuwon ma na kasa ci.

Talata, 25 ga Mayu

Ba Asabar ba ce, amma Inna ta sa aka shimfiɗa tabarma, wai kafin ta aika tana so ta ji yadda ido takwas suka kasa ganin abu. Lami, ido a kumbure, ta ce, "Hajiya, laifina ne, na yarda. Amma ido goma ne. Duk riga sai ta bi ta hannun Furera, ba ki taɓa tambayarta ba."

Zuwaira ta taɓa ta. "Ke, ɗiyar fari ce fa."

"Na sani, Anti. A cikin gida. Nan kuma shago ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna ta daɗe tana kallon bango. Can, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Mai guga, mi kika gani?"

Da ƙyar na ce, "Tun Laraba na gani."

"Tun Laraba?" in ji Ma'u. "Kika yi shiru?"

"Ba a tambaye ni ba."

Na ji hawaye yana ɗiga a bayan hannuna. Inna ta ɗauki almakashi ta ajiye gaban Lami. Ta ce, "Riga ɗaya ce kuskurenki. Sauran goma, ni da mai guga za mu raba." Ba a aika wa Malam Bulus ba.

Alhamis, 27 ga Mayu

Farke ɗinki, farke ɗinki. An ƙaro atamfa turmi biyu. Yatsuna sun yi kanta. Lami ba ta yi mini magana tun shekaranjiya, kuma ita ke da gaskiya.

Asabar, 29 ga Mayu

An yi rantsuwa, mun ji a rediyon Zuwaira. Matan Kambarawa sun wuce a mota suna guɗa, tsuntsayensu duk a tsaye.

A zama Inna ta ce Zuwaira, Ma'u, Lami, sannan ta dubi bango ta ce, "Mai guga." Na ce gawayi jiƙaƙƙe ake kawowa. Shi ke nan abin da na iya faɗa, kuma sai da na yi gumi. Ta ce a canza mai kawowa.

Har yanzu Lami ce "ɗiyata". Sau biyu yau, na ƙirga.

Laraba, 2 ga Yuni

Sabuwar atamfa mai ganye. Lami ta shimfiɗa za ta yanka, na ga reshen ya juya. Na ajiye dutsen guga na je na juya mata ƙyallen, ban ce komai ba. Ta dube ni, ta ce, "Mai guga, Allah ya bar mana ke." Ma'u ta yi dariya, ni ma ta kusa ƙwace mini.

Ba don ita na yi ba. Farke ɗinki ne ba na so.